Ranar da aka fara duba batirin zuciyata

Talata, bayan sallar isha'i.

Daren jiya ban yi barcin kirki ba. Yau aka ba ni in koma asibiti a duba na'urar da aka dasa mini a ƙirji, mako 6 cif da yin aikin. Ɗinkin kam an gani tun kwana 10 da sallamata, amma shi batirin zuciyar, kamar yadda kowa ke kiransa a gidan nan, ba a taɓa auna aikinsa ba tun fitowata sai yau. Tunani ɗaya ya hana ni sakat: in aka ce waya ta goce, wani aikin za a sake ke nan?

Bayan asuba 'yata ta haɗa mini kaya. Katin na'urar da aka ba ni ranar sallama, magunguna a cikin kwalayensu, da takardar da na yi kwanaki ina rubuta tambayoyi a kai. Na sa riga mai buɗewa ta gaba a ƙarƙashin hijabi, shawarar wata nas ce tun ina kwance, kuma yau na ga amfaninta.

An auna nauyi da hawan jini, aka manna mini 'yan faifai a ƙirji da hannu da ƙafa aka ɗauki zanen bugun zuciya. Wannan duk bai daɗe ba. Da muka shiga wurin likita, wurin yankan ya fara dubawa, nan ƙasan kafaɗar hagu inda fatar ta ɗan taso. Ya duba ko akwai ja ko kumburi ko ruwa, ya taɓa ya ji ko da zafi. Ya tambaye ni zazzaɓi, jiri, sarƙewar numfashi. Sai ya ce, "Hajiya, shaƙuwa fa, tana damun ki?" Na yi mamaki. Ya ce wani lokaci wutar na'urar kan taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai mutum ya yi ta shaƙuwa ko ya ji gefen cikinsa na motsi, kuma yawanci da saiti ake gyarawa. Ni dai alhamdulillahi ban gani ba.

Daga nan ya jawo wani inji mai kama da ƙaramin akwati mai allo, ya ɗora mini wani abu kamar sabulun wanka a daidai wurin. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Nan take layuka da lambobi suka cika allon. Ashe duk abin da zuciyata ta yi a makonnin nan a rubuce yake cikin ɗan abin: sau nawa ta buga da kanta, sau nawa aka taimaka mata, yaushe ta yi gudu. Ya nuna wa 'yata wata rana da bugun ya hau, muka lissafa, ranar sunan jikata ce da gida ya cika.

Ya sake yi mana bayanin ciwon a hankali, don lokacin da aka fara yi mini ba na cikin hayyacina. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, kuma wata 'yar wuta ce ke tasowa daga sama ta sauko ƙasa ta sa ta bugawa. Tawa hanyar saukowar ce ta toshe. Shi ya sa ranar da na yanke jiki na faɗi a kicin aka sami bugun 36 a minti ɗaya. Yanzu wayoyi biyu ne suka bi ta jijiya suka shiga ɓangaren dama, ɗaya a ɗakin sama, ɗaya a na ƙasa, an kuma saita na'urar kada bugun ya sauka ƙasa da 60.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na zauna yin wannan rubutu, don da an faɗa mini tun a gida da ban firgita haka ba. Likita ya ce, "Hajiya, zan rage mata aiki na 'yan daƙiƙu in ga yadda zuciyarki ke yi da kanta. In kin ji wani iri ki faɗa mini." Ya danna allo. Sai na ji nauyin nan da na sani ya sauko mini a ƙirji, kaina ya yi fayau, idona ya fara dishi-dishi, daidai yadda nake ji a watannin da nake cewa gajiya ce kawai. Na damƙe hannun 'yata ina salati. Kafin in kai ƙarshe ya mayar, jikina ya dawo. Ban san hawaye na zuba ba sai da ta ce, "Umma, lafiya?" Lafiya lau. A 'yan daƙiƙun nan ne na gane da wace zuciya na yi ta hawa bene ina kai-kawo a gida, na kuma gane girman rahamar da Allah Ya yi mini da aka gano abin da wuri.

Sai kuma ya ƙara mata gudu, na ji fat-fat kamar na yi sauri. Ya riƙa rage ƙarfin wutar kaɗan-kaɗan har ya gano mafi ƙarancin da zuciya ke amsawa, sannan ya saita sama da haka don a samu rata. Ya ce yanzu da ɗan ƙarfi za a bar ta, sai wayoyin sun gama kama nama, wajen wata 3, a rage don batiri ya daɗe. Wayoyin suna inda aka sa su. Wannan maganar ita nake jira tun jiya.

Na buɗe takardata. Tambayar farko wata ce ta dasa mini ita ranar da ta zo dubiya, ta ce wai batirin kan mutu ba zato kamar na tocila. Maganar ta daɗe tana cin raina, kuma ina ganin bai kamata a riƙa faɗa wa mara lafiya abin da ba a tabbatar ba. Likita ya ce ba caji ake yi masa ba, yakan kai shekara 7 zuwa 10 ko fiye, gwargwadon aikin da yake yi, kuma injin nan na nuna raguwarsa watanni kafin ya ƙare. Idan lokaci ya yi akwatin ake canzawa, wayoyin in suna lafiya a bar su. Ya ce mutum na farko da aka dasa wa irin wannan na'ura, Arne Larsson, a ƙasar Suwidin ne a 1958. Ta farkon awoyi kawai ta yi, an canza masa fiye da sau 20, ya rayu har 2001 yana da shekara 86.

Wayar salula ya fi jan kunnena a kai. Mu mata mun saba cusa ta a ƙirji ko mu saƙala ta cikin hijabi. Ya ce ta yi nisan aƙalla santimita 15 da na'urar, in riƙa amsa kira da kunnen dama, in kuma guji kusanta maganaɗisu da wurin. Janareto in yana aiki kada in sunkuya a kansa, kada in tsaya kusa da masu walda. Firji, talabijin, dutsen guga, duk ba komai. A filin jirgi, in Allah Ya nufa da Umra, in nuna katina in wuce ta ƙofar bincike ba tare da tsayawa a cikinta ba. Duk asibitin da na je in fara faɗa musu, musamman in za a yi hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da inji mai ƙarfin maganaɗisu.

Hannun hagu kuma ya ce in fara ɗaga shi sama da kafaɗa a hankali, don ya lura na ƙanƙame shi fiye da yadda aka ce, kafaɗar ta fara sandarewa. Salla a tsaye da ruku'u da sujada duk ya ce in yi. Tuƙin tuwo da ɗaukar jikoki in shiga da kaɗan-kaɗan. Kada in riƙa murza wurin da yatsa. In na ga ja ko ruwa ko zazzaɓi, ko jirin ya dawo, kada in jira ranar da aka rubuta mini.

Mun iso gida gab da la'asar. Na yi ta a tsaye, karo na farko tun aikin. Da magariba babbar jikata ta kara kunnenta a ƙirjina wai tana son jin ƙarar batirin Kaka. Ta daɗe tana saurare, ta ɗago ta ce ita bugun zuciya kawai take ji.

Gobe 'yata za ta yi wa katin hoto, ɗaya a jakata, ɗaya a wurinta. Ranar komawa na rubuta ta a kalandar bango.