Tsakanin magana da waƙa: wa ke yanke tsawon layi?

Kalmar rerawa tana ɗaukar kaya da yawa. Mawaƙi rerawa yake yi, mai lallashin jariri rerawa take yi, haka ma ɗalibin da ke maimaita baiti don ya haddace. Sai dai akwai wata hanyar sarrafa murya da ta tsaya tsakanin magana da waƙa, wadda da Ingilishi ake ce wa chant. Hausa ba ta da kalma guda da ta game ta: wani wuri mu ce ƙira'a, wani wuri zikiri, wani wuri amshi. A nan bari mu kira ta jan murya. Ko a Turai ma kalmar ba ta zauna wuri ɗaya ba, domin a Faransanci tana nufin kowace irin waƙa, duk da cewa tushen ɗaya ne, wato cantare na Latin.

Tambayar da ta fi saurin raba gardama ita ce wa ke yanke tsawon layi. A waƙa rauji ne mai iko. Idan kalmomi sun yi yawa mawaƙi ya matse su, idan sun gaza ya ja wasali ko ya cusa wata ƙaramar kalma ta cike gurbi. A jan murya kuwa kalma ce ke gaba. Aya mai gaɓa 8 da mai gaɓa 30 duk a kan tsari ɗaya za a karanta su, ta biyun ta fi daɗewa kawai. Gwada da hannu: riƙa buga tebur kana saurare. In bugun ya daidaita har za ka iya rufe ido ka ci gaba, waƙa ce. In dole ka jira mai karatu kafin ka san inda hannu zai sauka, jan murya ne.

Karatun Zabura na tsarin Giregori a cocin Katolika ya fito da ginin a fili. Ana buɗewa da sauti biyu ko uku ana hawa, sai a dire kan sauti guda a zuba mafi yawan gaɓoɓin ayar a kansa. A tsakiyar aya a ɗan lanƙwasa murya a numfasa, a koma kan sautin nan, sannan a sauka a rufe. Zubi 8 ne na asali, murya ɗaya ake bi, ba kayan kiɗa. Sunan Fafaroma Giregori na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, aka liƙa masa, ko da yake tsarin ya kankama ne a ƙarni na 8 da na 9 a yankin da yau yake Faransa da Jamus. Karatun Veda, littattafan addinin Hindu na Indiya, ya ma fi tsauri, don matakan murya uku ne ginshiƙinsa, kuma kowace gaɓa da nata matakin da ba a sauyawa.

Ƙira'ar Alƙur'ani ba a kiranta waƙa. Dalilin na addini ne, amma ko ta fuskar fanni maganar ta zauna daidai, domin tajwidi ne ke yanke tsawon kowane sauti. Ma'auninsa haraka ce, wato tsawon gajeren wasali guda: maddi na asali haraka 2 ne, muttasil 4 ko 5 a ruwayar Hafsu, lazim 6, gunna 2. Makaranci na iya ƙawata murya da salon rauji na Larabawa irin bayati ko hijaz, amma ba shi da ikon ƙara ko rabin haraka. Wani kuskuren da ake yi shi ne a ja mai haraka 2 ya kai 4 don raujin ya sauka da daɗi. Daga nan rauji ya karɓe ragama, an shiga gonar waƙa.

Rubutacciyar waƙa tata daban. Karinta da amsa-amonta suna nan a kan takarda ko ba wanda ya buɗe baki: jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi ne, irin wanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara wa Larabci karuruwa 15 a ƙarni na 8, Ahfash ya ƙara kari na 16. Jan murya ba ya samuwa sai a baki. Kirari kuma furuci ne da ƙarfi da sauri, ba a zama kan sauti guda, don haka ban ga dalilin cusa shi cikin wannan gida ba.

Mai harshen da ke da karin sauti, kamar Hausa, yana da wata matsala ta musamman. Idan aka shimfiɗe murya kan sauti ɗaya, wuyan jiki da wuyar sha'ani sun zama abu guda a kunne, sai mahalli ya raba su. Tsawon wasali bai kamata ya bi sahu ba: fasa kwalba da fasa tafiya wasali ne ya bambanta su, kuma jan murya yana da sararin kiyaye shi. Ga masu karatu cikin taro kuma, murya takan zame ƙasa a hankali, saboda numfashi na ƙarewa a ƙarshen layi, sai layi na gaba ya tashi daga inda aka zame. Maganinsa a numfasa a tsakiyar aya tun iska ba ta ƙare ba.

Abin da ke ƙara rikita ma'anar shi ne da wannan kalmar ta Ingilishi, chant, ake kiran amshin 'yan kallon ƙwallo da na masu zanga-zanga, alhali ginin kishiya ne. Sautuka kaɗan ne, biyu ko uku, nan suka yi kama. Amma a nan bugu ne mai iko, kalmomin gajeru, ana ta maimaitawa. Gajartar ma tilas ce: sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka wanda ke nesa da mita 100 yana jin amshin a makare da kusan sulusin daƙiƙa. Doguwar jimla takan cakuɗe kafin ta zagaya filin, shi ya sa ake neman ganga ko tafi, ko mutum guda da ke ɗaga hannu kowa na ganinsa.