Alƙahira, birnin da ke cin gonakinsa

Kwana tara na yi a Alƙahira, shekaranjiya na dawo, har yanzu ƙarar hon tana cikin kunnena. Ƙanen abokina da ke karatu a Jami'ar Azhar shi ya tarbe ni. Muna hawa babban titin da ya kewaye birnin, wanda suke kira Da'iri, na kasa ɗauke ido daga taga. Hagu da dama benaye ne na jan bulo, hawa bakwai, hawa goma, babu filasta babu fenti, sun manne da juna. A saman yawancinsu rodi ne a tsaye yana jiran ƙarin hawa. Can tsakaninsu sai ka hango 'yar gona kore shar, da jaki a ɗaure, gini ya kewaye ta ta ko'ina.

"Yaya, duk nan da kake gani da gonaki ne," in ji shi.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Masar kusan duk hamada ce, mutanenta sun taru ne a bakin Kogin Nilu, inda baƙar ƙasar noma take. A 2020 yawansu ya haura miliyan 100, Alƙahira da kewaye kaɗai ta wuce miliyan 20. Doka ta hana gini a kan gona, amma wanda zai aurar da ɗa ba shi da ɗaki ba ya jiran doka. Irin waɗannan unguwanni suna ce musu ashwa'iyyat, wato na barkatai, kuma fiye da rabin mutanen birnin a nan suke zaune.

A Bulaƙ Dakrur na shiga ɗaya da ƙafata. Mota ba ta shiga lungun, sai tuk-tuk, irin keken nan mai ƙafa uku. Da azahar tsaka amma rana ba ta sauko ƙasa ba, shanya da wayoyin wuta sun rufe sama. Wani dattijo kafinta, maƙwabcin wani ɗalibi, ya ji an ce ga baƙo, ya rantse sai mun hau gidansa. Aka kawo shayi, aka kawo wake da gurasa, ya yi ta turo mini kwano. Na ce, "Ya Hajj, me ya sa ba ku ƙarasa ginin ba?" Ya nuna ƙasa da yatsa, ya ce nan mahaifinsa yake shuka. Hawa na biyu na babban ɗansa ne, na uku na mai bi masa, rodin da ke sama kuma na autan ne, idan Allah ya kawo aurensa. Ruwan famfo ba ya hawa sama sai an kunna injin turawa, in wuta ta ɗauke sai a ɗauko a jarka. Da na tambaye shi yadda ake yi in wani ya yi ciwo da dare, ya ce ɗaukarsa ake yi a hannu zuwa bakin titi. A wajenmu ma na san unguwannin da aka yanka gonaki aka sayar ba a bar hanya ko kwata ba, sai dai mu faɗi muke yi, su kuwa sama suke yi. Karamcin dattijon nan ya sa na ji kunyar yadda muke karɓar baƙo.

Manshiyat Nasir tana gindin Dutsen Muƙattam, can masu kwasar sharar birnin, zabbalin, suke zaune suna tsince roba da kwali a ƙofar gidajensu. Wari ya buge ni, amma na girmama aikinsu. A gefen nan ne, Duwaiƙa, wani ɓarin dutse ya rufto wa gidaje a 2008, fiye da mutum 100 suka rasu. Na kuma wuce ta tsohuwar maƙabarta, na ga iyalai suna girki a farfajiyar kaburbura.

Washegari muka nufi sabon babban birnin da aka sanar da gina shi a 2015, kimanin kilomita 45 gabas, cikin hamada. Mai tasi ya yanka mana kuɗin da ya ninka na kowa don ya ga baƙo, sai da muka juya za mu tafi ya rage kusan rabi. Tituna ga faɗi, ga dogon benen da ya fi kowanne tsawo a Afirka, amma mutane ƙalilan. Na tsaya ɗaukar hoto a ƙofar wani rukunin gidaje, mai gadi ya daka mini tsawa ko sallamata bai amsa ba. Raina ya ɓaci. Na yi ta tunanin dattijon nan, domin kuɗin ɗaki ɗaya a wurin ko zai shekara nawa yana fafe katako ba zai haɗa ba.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1987 ya fi komai araha da sauri, sai dai matsi da safe. Dalar Giza na je ran da zan taho. Na zaci tana can tsakiyar rairayi, ashe gidaje sun iso har gindinta.