Kujerar baya a jirgin sama, daga zamanin giwa mai fuka-fuki zuwa yau

Sana'ar atamfa da shadda ce ta koya mini hawan jirgi, tun a shekarun 1980. A lokacin Bakatsinen da zai tashi zuwa Legas sai ya yi sammako ya bi ta Charanchi, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya da Bichi, ya isa filin jirgin Kano kafin rana ta take. Ban taɓa zama a gaban labule, wajen kujeru masu tsada, ba. Kujerata kullum ta baya ce, wadda ake kira ikonomi, don haka abin da zan faɗa daga can na gano shi.

Tikiti a da ɗan littafi ne mai jan kabon, ana yagar shafi ɗaya a kowane zango, kuma in ya ɓace ka shiga uku. Jiragen Nigeria Airways na ɗauke da tambarin giwa mai fuka-fuki, mutane kuma sukan sa babbar riga don shiga jirgi kamar masu zuwa ɗaurin aure. A doguwar tafiya akan kawo abinci mai zafi a faranti, da cokali na ƙarfe. Ƙafa na miƙewa sosai. Amma a jikin hannun kujera akwai ɗan ramin zubar da tokar taba, kuma hayaƙin masu sha bai san iyakar layinsu ba. Mai asma ya sha wuya a wancan zamanin. Sai a shekarun 1990 aka yi ta hana shan taba a jirage, kuma wannan canji ina yi wa Allah godiya a kansa.

Masu yabon da sukan manta da rububi. Na sha ganin an raba takardun shiga fiye da yawan kujeru, ana buɗe ƙofa sai kowa ya tattare riga ya sheƙa da gudu zuwa matakalar jirgi. Tsoho da mai goyo su ake bari a ƙasa. Yau lambar kujerarka na rubuce, ba mai ƙwace maka ita.

Ita kanta ikonomi a 1958 kamfanonin jirage na duniya suka fito da ita a hanyar Turai zuwa Amurka. Zuwan Boeing 747 a 1970, mai kwasar mutum sama da 350, ya sauko da kuɗin kujera, sannan a 1978 Amurka ta sakar wa kamfanoni mara su yanka farashi da kansu. Daga nan gasa ta koma kan wa zai fi arha, hanya mafi sauƙi kuwa ita ce ƙara layukan kujeru. Tazarar tsakanin layuka da ta kai inci 34 ko 35 ta dawo 30 ko 31. Dogon mutum irina gwiwarsa ce ke ba shi labari. Abinci ya koma biskit ko ɗan kek da ruwan roba, kilon kaya kuma ana lissafa shi har na ƙarshe.

A gida Najeriya, Kabo Air da Chanchangi sun buɗe wa 'yan kasuwar Arewa hanya, Nigeria Airways ta durƙushe a 2003, tikitin takarda ya ƙare a 2008. Babban sauƙin da muka samu mu Katsinawa shi ne filin jirginmu na Umaru Musa 'Yar'aduwa, inda maniyyata ke tashi kai tsaye zuwa ƙasa mai tsarki, ga kuma Max Air ta Alhaji Ɗahiru Mangal da ta fara jigilar cikin gida a 2018. Sai dai arhar da ake faɗa ba ta zauna mana ba. A farkon 2022, da man jirgi ya yi tsada, mafi ƙarancin tikiti ya koma naira 50,000, daga nan kuma sama ya yi ta yi. Da yawa cikin waɗanda nake zama kusa da su yanzu tsoron hanya ne ya sa su sayar da wani abu suka hau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsofaffi. Wata rana a wajen bincike na ga wata dattijuwa riƙe da kwalbar zuma da za ta kai wa jikanta, an ce ba za ta wuce da ita ba. Dokar ruwa-ruwa ce ta mililita 100 da ta fito a 2006, amma ba wanda ya yi mata bayani da Hausa. Na matsa na ce, "Hajiya, ku kawo a saka cikin babbar jaka, a can ba a hanawa." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ni na ɗauka ƙwacewa za su yi." Tikiti ya koma cikin waya, sanarwar jinkiri ta koma saƙon Turanci, wanda bai yi boko ba sai ya zauna yana kallon bakin mutane.

Shi ya sa duk wanda ya nemi shawarata nakan ce ya ɗauki jirgin safe, don jinkiri taruwa yake yi har yamma. Lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya bar kwana guda tsakaninsa da sabgar da za shi, domin jirgi kan fasa sauka a Arewa in ƙura ta rufe. Ya auna kayansa a gida, ya ci abinci, ya yi alwala kafin a kira shiga. In da dattijo zai yi tafiya, ya nema masa kujerar bakin hanya saboda bayan gida, ya kuma bugo tikitin a takarda ya sa masa a aljihu tare da lambar wanda zai tarbe shi.