Wai harbe kocin suka yi? Hira a kan kalmar "fire"

Jiya da daddare a wajen lesin da nake yi wa yaran unguwa, wani ɗalibina ya miƙo min wayarsa yana nuna min kanun labari, wai wata ƙungiyar ƙwallo a Turai ta yi "fired" ɗin kocinta, yace malam dan Allah a kan ƙwallo kawai sai a harbe mutum? Sauran suka kwashe da dariya, ni kam ban yi ba, domin yaron ya kama bakin zaren, bai dai bi shi har ƙarshe ba ne.

Asalin kalmar wuta ce, kowa ya san wannan. Idan ta zama aikatau ma'anarta ta farko ita ce cinna wa abu wuta, to da bindiga ta yaɗu a Turai, wajen shekarun 1500, sai kalmar ta bi ta, saboda bindigar lokacin ɗura mata albarushi ake yi sannan a kawo igiya mai ci da wuta a dangwala, sai ta tashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan daushe ya ga yadda ake ɗuri, ya ji ƙarar nan mai girgiza ƙirji, ga hayaƙi ga warin albarushi, ba sai an yi masa dogon bayani ba, harbi sa wuta ne. Shi yasa "open fire" da "cease fire" suka zauna daram a bakinmu, buɗe wuta da tsagaita wuta, kullum muna jinsu a rediyo.

Maganar kora daga aiki kuwa, wato abin da aka yi wa kocin nan, daga Amurka ta fito, wajen shekarun 1880. Masu bin asalin kalmomi na ganin wasa da harshe ne ya haife ta, akwai kalmar "discharge" da ke nufin sallamar ma'aikaci kuma tana nufin tashin bindiga, sai mutane suka ɗauko 'yar uwarta "fire" suka ɗora a kan sallamar, wato an cilla mutum waje kamar harsashi. Mutanen Ingila sun fi cewa "sack", jaridunmu ma haka. Shirin talbijin ɗin nan da Donald Trump ya fara a 2004, inda yake nuna mutum yace "you're fired", ya ƙara kai kalmar lungu da saƙo.

A nan ne nake so matasanmu masu neman aiki su buɗe kunne, wallahi abin yana damuna. Kalmar ba mai taushi ba ce, tana ɗauke da warin laifi ko gazawa. Idan kamfani ne ya rage ma'aikata saboda kasuwa ta mutu, abin ya rutsa da kai, "laid off" ake cewa, in kai ka ajiye da kanka "resigned" ne. Na san wani abokina da ya je intabiyu aka tambaye shi me ya raba shi da tsohon wurin aikinsa, yace "I was fired", alhali rufe reshen nasu aka yi gaba ɗaya, yana gani fuskar masu tambayar ta canja, bai gane abin da ya faɗa ba sai da ya dawo yana ba ni labari.

Sauran ma'anonin ba su da wahala in ka riƙe wutar a ranka. Mai ginin tukwane idan ta jera su ta lulluɓe da itace da ciyawa ta gasa, "fire" ta yi musu. Bakanike yana cewa inji ya yi "fire" in fulogi ya kawo wuta mota ta tashi. 'Yan jarida suna "fire" ɗin tambayoyi, wato ruwan tambayoyi ba ƙaƙƙautawa, kuma in Bature yace maka "fire away" yana nufin bismillah, tambayi abin da kake so. "Fired up" mutum ya ɗau zafi ke nan. "Backfire" kuwa reshe ne ya juye da mujiya.

Kafin mu tashi na ce su kawo min ma'anonin harba a Hausa, nan take suka fara jerowa, harba ƙwallo, harba kibiya, kunama ta harbe shi, jaki ya yi harbi, an harba tauraron ɗan adam, har cuta ma ana cewa ta harbi mutum. Yaron nan mai waya shi ya fi kowa kawowa.