Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Akwatin da Kowa Ya Sa wa Hannu

Makon jiya na tsaya a inda sunana ya fito cikin matasan da za su tafi aikin sa-kai a Ruwanda, ƙarshen shekarar 2018. Niyyata yau in kai ku har bakin jirgi, amma da na zauna rubutu sai maganar akwati ta tare min hanya, kuma na san halinta, in ban sauke ta ba ba za ta bar ni in wuce ba. Wanda ya ƙosa ya ji labarin jirgi ya yi haƙuri.

Takardar da ƙungiyar da ta shirya tafiyar ta aiko mana shafi ɗaya ce tak. Akwati ɗaya, kada ya wuce kilo 23. Jakar hannu ɗaya, kilo 7. Sai can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, aka ce kowa ya bar wa ƙungiya wurin kilo 8 a cikin akwatinsa saboda kayan taimako. Ku riƙe min wannan kilo 8 ɗin a ranku, za mu dawo kansa, don ni har yau ban huce ba.

Kaka, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa shiga jirgi ba, amma ita ce ta fara magana. Tana kishingiɗe ta ga Yaya ya shigo da akwatin, ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Kayan da ba ki iya ɗagawa da hannunki, ba naki ba ne." Daga haka ba ta ƙara ba. Babu wanda ya kula, domin a daidai lokacin Gwaggo ta yi sallama da nata lodin.

Duk wanda ya san gidanmu ya san Gwaggo, ba sai na ɓata baki ba. Ta zo da kayan kwalliya kala-kala, da takalma masu tsini, da ƙaton turare, da man shafawa kwalba biyu, da bargo mai nauyin ɗan yaye. Na ce, "Gwaggo, gini fa za mu je yi. Ajujuwa za mu taya ginawa, mu dasa itatuwa." Ta ce, "Ke rufe min baki. Ko gini ne ai akwai ranar hutu. 'Yar gidan nan ba za ta shiga ƙasar mutane a raina mu ba." Wannan "a raina mu" ita ce ta cika min akwati. Inna kuwa tsoro ne nata: kar in yi ciwon kai, kar in yi mura, kar cikina ya ɓaci. Ta zazzage magunguna daga kwalayensu ta haɗa su wuri ɗaya don a rage cika. Da ƙyar Yaya ya fahimtar da ita cewa magani a kwalinsa ake tafiya da shi, da sunansa a jiki, wanda likita ya rubuta kuma da takardar likitan, in ba haka ba jami'in kwastan ba shi da hanyar sanin mene ne wannan ƙwaya, sai ya ɗauka abin da ransa ya ba shi.

Sai Kawu. Kawu ya taɓa fita waje tun zamanin da ake ba mutum tikiti kamar ɗan littafi, kuma tun daga lokacin babu dokar tafiya da bai sani ba. Ya karɓi katina na rigakafin shawara, katin nan ruwan ɗorawa, ya ga an yi min allurar tun ina ƙarama, ya ce ya mutu, shekara 10 ne wa'adinsa, maza a sake. Gaskiyarsa ta dā ce. Tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da katin na tsawon rai, allura ɗaya ta wadatar. Ma'aikaciyar lafiya ta faɗa masa haka a gabana, ya ce yarinya ce, ba ta san aikinta ba. Abin da ya kamata a yi wa hayaniya kuwa babu wanda ya ambata: sabuwar allura ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta. Wata 'yar tawagarmu ta yi tata a ƙurarren lokaci, muna ji muna gani muka tafi muka bar ta, sai daga baya ta biyo mu ita kaɗai.

Amma in ba Kawu haƙƙinsa, kar a ce na ci amanar zumunci. Shi ya buɗe fasfona ya ƙirga ko akwai sauran wata 6 a kansa daga ranar shiga ƙasar, da kuma shafukan da ba a buga wa hatimi ba. Shi ya sa aka yi fotokwafin fasfo da tikiti da takardar gayyata, ɗaya a akwati, ɗaya a jakar hannu, ɗaya a hannun Baba. Wannan kam ya yi daidai, kuma bai bari na manta ba har yau.

Yaya ne kawai ya ɗauke ni a matsayin mai tafiya aiki. Ya kawo sikelin auna mutum, ya hau shi kaɗai, ya sake hawa rungume da akwatin, ya cire na farko daga na biyu. Awon farko ya haura kilo 30, kuma ko tsinken ƙungiya ba a sa ba. Kaka daga ɗaki ta ce, "Ta ɗaga mu gani." Na kama hannun akwatin, ya ƙi barin ƙasa. Ta ce, "To ba nata ba ne."

Daga nan Yaya ya zazzage komai a ƙasa. Tufafi ya nannaɗe su maimakon ninkewa, ya cusa safa a cikin takalma. Ya ciro fawa-bank daga akwati ya mayar jakar hannu, domin batirin litiyam irin na fawa-bank ba ya shiga ɗakin kaya na jirgi. In ya kama da wuta a can ƙasa babu mai gani, a cikin fasinjoji kuwa ana iya kashewa. Turare da man da Gwaggo ta sa a jakar hannu wai kar su fashe, ya mayar da su akwati, tunda a lokacin, tun daga 2006, bayan an bankaɗo wani shirin kai hari da abubuwa masu ruwa a Birtaniya, kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta wuce wurin bincike. Almakashi ma ya koma akwati. A jakar hannu ya sa min kaya kala ɗaya na canji, da buroshi, da magunguna, da caja, da adafta, domin soket ɗin can mai ramuka zagayayyu ne, cajata kuwa ƙafafunta masu faɗi ne. Takalmin aiki mai nauyi ya ce in saka a ƙafata ranar tafiya, ba a auna abin da ke jikin mutum. Safar hannu ta aiki, tocila, rigar ruwa, allura da zare, duk shi ya tuna da su. Bayan shekaru da na zo haɗa wa autarmu nata kayan, sai na tsinci hannuna yana yin yadda nasa ya yi, har da hawa sikelin. A tsakanin nan na gama makaranta, na yi aure, na haihu, amma in kun tambaye ni abin da na saka ranar bikin kammala karatuna ba zan iya faɗa ba. Abin da ke cikin akwatin nan kuwa ina iya lissafa shi ido a rufe.

Yanzu maganar leda. Gwaggo ta ji an ce za mu tarar da damina a can, domin daga Oktoba zuwa Disamba lokacin ruwa ne, sai ta naɗe kowane abu a leda. Na ce mata Ruwanda ta haramta leda tun 2008, har a filin jirgi ana karɓewa. Dariya ta yi har da tafa hannu. "Wace ƙasa ce za ta bar ɓarayi ta kama leda?" Muka cire duka ni da Yaya. Ashe da na yi barci ta dawo ta mayar, ta rufe akwatin kamar ba a taɓa ba. A filin jirgin Kigali, babban birnin ƙasar, na gano, a gaban 'yan tawaga da jami'i, ina durƙushe ina kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya, kayan cikina a fili. Wadda ba ta so a raina mu ke nan.

To, kilo 8.

Ana jibi tafiya shugabar tawaga ta tara mu ta raba mana ƙunshi-ƙunshi. Na buɗe nawa: gwanjo ne. Riguna da wanduna da mutane suka gaji da su, wasu wuyansu ya saki, wata ma babu maɓalli. Don in sama musu wuri na ajiye suwaitata mai kauri da wandon aiki na biyu. Wurin da aka kai mu kuwa Musanze ne, arewacin ƙasar, a gindin duwatsun Birunga, sama da mita 1,800 daga teku. Kigali kanta da ke wajen mita 1,500 da sanyinta da dare, balle can. Ruwa ya jiƙa wandona da rana, ba ya bushewa kafin safiya, haka zan mayar da shi da danshinsa in fita ɗiban bulo. Duk safiyar da na zura ƙafa a cikin wandon nan sai na tuna fuskar shugabar.

Abin da ya fi ci min rai sai da muka isa na ji shi. Ƙasar da muka kai wa gwanjo, ƙasa ce da ke faɗa da gwanjo. A 2016 ta ɗaga harajin shigo da tsofaffin tufafi daga senti 20 zuwa dala 2.50 a kan kowane kilo, don masu ɗinki da masaƙun cikin gida su samu kasuwa. Amurka ta matsa mata ta janye, ta ƙi, har a watan Yulin 2018 aka dakatar da damar da tufafin Ruwanda ke da ita ta shiga Amurka ba haraji. Wato wata uku ko huɗu kafin zuwanmu. Mu kuma muka taho daga nesa, kowa da kilo 8 na abin da suka zaɓi su yi asara a kan su ci gaba da karɓa. Shugaban makarantar mutumin kirki ne, ya karɓa da hannu biyu, aka ɗauki hoto, aka kai sito. Ranar da za mu taso na leƙa, ƙunshin na nan yadda aka ajiye shi. Abin da aikin ke nema siminti ne da ƙusa da fenti, kuma duk ana sayar da su a garin. Babu wanda ya rubuto ya tambaye su me suke so kafin a cika mana akwatuna.

Na yi wa shugabar magana a lokacin. Ta ce min ni yarinya ce, ban san yadda ake faranta wa masu ba da gudummawa ba. Ashe kayan ba don mutanen Musanze aka ɗauko su ba, don hoton ne. Da Kaka na kusa da na ce mata ga wani nau'in da ba ta lissafa ba: kayan da na iya ɗagawa sarai da hannuna, amma ba nawa ba, ba kuma na waɗanda aka kai wa ba. Na so in ba ta wannan labarin da bakina. Na dawo na tarar jikinta ya yi nisa, ba ta gane mai shiga da mai fita.

Ina jin shugabar tana karanta wannan rubutun, don an ce min tana bibiya. Ban ambaci sunanta ba, ba kuma zan ambata ba. Ta san kanta.

Awon ƙarshe a daren tafiya bai kai kilo 23 ba da ɗan kaɗan, na kuma ɗaga shi da kaina daga ɗaki zuwa mota. Na yi mamakin yadda bai sauka yadda Yaya ya lissafa ba, sai a Kigali, wurin kwance leda, na ga dalili: takalman Gwaggo masu tsini, a can ƙasa, a naɗe cikin rigar ruwata. Ban taɓa saka su ba, a laka za a taka su ko a kan tsani? Har gobe in mun haɗu sai ta ce ban dawo mata da takalmanta ba. Suna nan, Gwaggo. Ki aiko a karɓa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, sai filin jirgi, da yadda akwatin abokiyar zamana ya ƙi fitowa.