Abin da duba tsoffin kuɗi ya koya mini

Yawancin tsoffin kuɗin da ake kawowa a duba a Garwa, Marwa ko Kusiri sun riga sun sha wanki kafin su iso. Mai kaya ya tono su daga adakar kaka, ya ga sun yi baƙi, sai ya samo lemun tsami da toka, wani ma har da yashi, ya dirje su tas, ya kawo suna walƙiya yana sa ran farashi ya ninka. Abin yana da ban takaici ƙwarai, domin ya zubar da babban rabon darajar kayansa da hannunsa, kuma ba ta dawowa. Darasin farko da aikin nan ke koya wa mutum shi ne matsayin ƙwandala yana ga yawan ƙarfen da ya rage a kan zanenta da lafiyar fatarta ta asali, wadda ta fito da ita daga gidan bugu.

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10 irin na masu gyaran agogo, sikelin masu zinariya mai nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, mayen ƙarfe, ƙyalle mai taushi a shimfiɗe a tebur, da ƙwan fitila guda ɗaya. Dogon ƙwai mai farin haske yana baje haske ko'ina har ya ɓoye ƙarce. Ana riƙe ƙwandala ta gefe da yatsu biyu, domin gumin hannunmu yana barin sawun yatsa a tagulla wanda ba ya fita. A fara da ido tsirara, a karkata ta ana juyawa a hankali ƙarƙashin fitilar. Wadda hannu bai ci ba, za ka ga sheƙi yana zagaya fuskarta kamar hannun agogo. Wadda aka goge tana haske ko'ina bai ɗaya, kuma da gilashi za ka ga siraran layuka sun jeru gefe guda, sun hau kan zane sun sauka.

Liyari ne babbar makarantar wannan aiki a ƙasarmu. Shi ne kuɗin azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda ya yi yawo daga Wadai zuwa Barno da Adamawa, har yau ma Larabcin Cadi yana kiran sefa biyar da sunansa, wato riyal. Kusan kowane ɗaya yana ɗauke da 1780, shekarar da ta rasu, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana, daga baya a Roma, Landan, Faris, Burasal da Bombe. Saboda haka shekarar ba ta nuna tsufa ko kaɗan, kuma wanda ya ce maka nasa ya haura shekara 240 don ya ga 1780, bai san kayan ba. Nauyinsa giram 28.07 ne, azurfarsa kashi 833 cikin 1000, faɗinsa wajen milimita 40. Fataken da can sun san inda ake dubawa: 'yan ƙwayoyin da suka kewaye maɓallin kafaɗarta da na kambin goshinta. Nan ne tudun zane, nan hannu ke fara ci. Idan ƙwayoyin suna ƙirguwa ɗaya bayan ɗaya, kuma silin gashin da ke saman kunne a rarrabe yake, kuɗin bai sha yawo ba. Idan sun haɗe sun zama layi guda mai sulɓi, ya sauka mataki biyu ko uku a ma'aunin daraja. A baya kuma a duba gashin mikiya mai kai biyu da ƙananan zanen garkuwar da ke ƙirjinta.

Sai gefe, wanda sabon shiga yake mantawa da shi. Gefen liyari yana da rubutun JUSTITIA ET CLEMENTIA da ado a tsakani. Na jabu da aka yi da zubi rubutunsa a dushe yake, wani lokaci da siririn layi inda ɓangarorin mazubi biyu suka haɗu, fuskarsa kuma da 'yan ramuka kamar na zanzana. A ɗora shi kan ɗan yatsa a ƙwanƙwasa da fensir: na gaske yana amo mai tsawo, na dalma kuwa ƙwas ɗaya ya mutu. Kada a yar da shi a siminti don jin ƙara, lotsawa ɗaya a baki tana rage masa mataki. Wanda ya yi yawo yakan rasa ɗan abin da bai kai rabin giram ba. In ya gaza giram 27, a tsaya a sake dubawa. A gefen ne kuma ake kama tarihin ado. Matan Shuwa da Fulani sun daɗe suna rataya liyari a wuya da gashi, don haka da yawa an huda su ko maƙerin fari ya liƙa musu kunne. Wasu sukan cire kunnen su bi da magagari, su toshe huda da azurfa. Duba daidai saman kan sarauniya: rubutun gefe zai yanke, launin wurin zai saɓa. Irin wannan, ko zanensa ya fito sarai, mai tarawa yana lissafa shi a matsayin mai aibi, kuma sau da yawa kuɗin azurfarsa kawai zai biya.

Matakan da masu saye ke amfani da su a nan na Faransa ne: B, TB, TTB, SUP, SPL, FDC, daga wadda ta suɗe sai rubutu zuwa wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Amurkawa suna da ma'aunin Sheldon na 1949, daga 1 zuwa 70, wanda kamfanonin tantance kuɗi na PCGS da NGC ke bi. Inda ake yawan jayayya shi ne tsakanin TTB da SUP. A TTB tudun zane ya ɗan kwanta kuma sheƙi ya rage a lungunan haruffa kawai. A SUP kusan duk sheƙin yana nan, cin hannu sai da gilashi. A ganina, in mutum yana shakka ya ba da na ƙasa.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne bambancin cin hannu da raunin bugu. Wurin da hatimi bai cika shi ba tun a gidan bugu yana da sheƙi iri ɗaya da sauran fuska. Wurin da hannu ya ci ya dushe, launinsa ya koma toka-toka. Wannan yana da amfani ga kuɗin Kamaru na 1943 masu zakara, santim 50 da faran 1, da aka buga a Firitoriya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai mai rubutun CAMEROUN FRANÇAIS, akwai mai ƙarin LIBRE, don haka a karanta da kyau kafin a sa farashi. A kansu ƙirjin zakara da fukafukinsa ake dubawa. A kan faran 5, 10 da 25 na 1958 kuwa, murɗin ƙahon namun daji ukun da ke jikinsu ne ma'auni, irin waɗanda har yanzu ake samu a dajin Buba Njidda. Na alminiyam na 1948 masu barewa ƙarfensu laushi gare shi, samun marar ƙarce sai an tona. Kuma kada mayen ƙarfe ya tsorata kowa a kan ƙwandalar faran 100 ta 1971 da 1972 mai sunan Cadi ko Kamaru: nikel ce zalla, dole ta kama. Azurfa ce ba ta kamawa.

Ajiya ma tana cin daraja a hankali. Leda mai taushi, idan zafin Afirilu ya buge ta, tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin fuskar ƙarfe. In an gan shi da wuri, a tsoma ƙwandalar cikin asiton tsantsa na kanti, ba na cire jan farce mai turare ba, a bar ta ta bushe da kanta ba tare da gogewa ba. Koren gari mai burɗewa a tagulla kuwa ciwo ne da laima ke ciyarwa. A ware mai shi daga sauran tun kafin damina. Kowace ƙwandala a sa ta a nata kwalin ko ambulan, a rubuta shekara, nauyi, mataki da duk aibin da aka gani, a ajiye a gwangwani mai murfi nesa da randa da ƙurar hunturu.