Rijista ba ta san wanda bai zo ba

Duk ƙarshen wata, mu ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara mukan zauna mu tattara alƙaluma mu aika ƙaramar hukuma: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awon ciki, mutum nawa gwaji ya nuna yana da zazzaɓin cizon sauro. Ban raina wannan aiki ba, da shi ake raba magani da gidan sauro. Amma shekarun da na yi a yammacin Zamfara sun koya mini cewa rijista ba ta san kowa ba sai wanda ya tako ya zo. Yaron da ya fara jijjiga bayan isha'i, aka yi masa tofi da hayaƙi, ya cika kafin asuba, aka kai shi makwanci da hantsi, babu shi a kowane layi na takardarmu. A rubuce, ƙauyensu lafiya lau yake.

Mu a jihar nan ba sai an kawo mana misali daga nesa ba. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar sanƙarau suka samu labarin yara na mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Aka ba da maganin zazzaɓi, aka ba da na sanƙarau, abin bai lafa ba, sai da gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Da masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan, akasarinsu da jijjiga. Yaran da aka rasa a wannan annoba gaba ɗaya sun kai 400, ko fiye.

Abin da ke tsaya mini a rai har yau shi ne, mutanen gari sun ga alamu tun kafin kowa ya zo. Sun lura agwaginsu sun ƙare. Masu haƙar kabari sun san ƙananan ramuka nawa suka haƙa. Matan gida sun san cewa tun da zinariya ta yi tsada maza suke kawo duwatsu cikin buhu, a farfasa a tsakar gida, a daka a turmi, a kai injin niƙa, a shanya garin a inda yara ke rarrafe. Dutsen yana ɗauke da dalma, ƙurarsa ta kwanta a ƙasa da tabarma da kwanon abinci. Ƙaramin yaro kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma hanjinsa ya fi na babba zuƙar dalma, ita kuma ƙwaƙwalwa take nufa. Bayanin duk yana nan a bakin mutane, wanda zai tambaya ne babu.

Shi ya sa idan aka tura ni auna lafiyar wani gari, bayan na gaida dagaci na nemi izini, wurin ungozoma nake fara nufa. Babu mai riƙe lissafin gari kamarta. Ta san wadda ta haihu, ta san jinjirin da ya koma kafin suna, ta san gidan da aka yi ɓari biyu a jere. Wata tsohuwa daga cikinsu ce ta gyara mini yadda nake tambaya. Ta ce, "Ɗana, in ka ce wa mace 'ya'ya nawa gare ta, rayayyu za ta ƙirga maka, ɗan fari ma sai ta tsallake shi don kunya. Ka ce mata haihuwa nawa." Na ce, "To, Inna." Daga haihuwa nawa sai a gangaro a hankali: nawa ke raye, waɗanda suka rasu suna da wata nawa, da damina ne ko da rani, sun yi zawo ne ko jijjiga. Ba a yin wannan tambaya a tsaye, kuma ba a yin ta gaban kishiya ko suruka. Sau da yawa ma ba namiji ne zai yi ta ba, domin gidan da aka ce ba shiga, iyakarmu zaure. Tawagar da ta fita ba mace a cikinta, rabin labari za ta kawo, kuma rabin da ya fi muhimmanci ne za ta baro. Ina faɗar wannan a duk taron da aka ba ni dama.

Liman da mai kemis su ma suna da nasu. Ɗaya ya san yawan jana'iza, ɗaya ya san maganin da ya fi ƙarewa a shagonsa a wannan watan.

Gano ciwo wani abu ne, gyara kuma wani abu dabam. Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, ana ba yaron da awon dalmar jininsa ya kai 45. Amma ba shi magani a mayar da shi tsakar gidan da ya kwaso gubar, ɗiban ruwa ne a kwando. Dole aka fara da ƙasa: aka kankare saman ƙasar gidaje da lunguna, aka kwashe aka binne, aka zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran garuruwan girma, sai 2013 aka share ta saboda jinkirin sakin kuɗi, yaranta na zaune cikin guba duk tsawon jiran. Wannan jinkiri ya nuna mini cewa lafiyar gari ba a hannun malamin asibiti kaɗai take ba. Tana hannun mai sa hannu a takardar kuɗi, da mai gyaran rijiyar burtsatse, da mai injin niƙa.

Na kuma ga iyakar kalmar "ku daina". Magidancin da hatsinsa ke ƙarewa kafin damina ta tsaya, ga dutse yana kawo masa kuɗin cefane, ba zai bari ba don wani mai farar riga ya yi masa wa'azi. Zai ce to, ya koma yi a ɓoye cikin ɗaki, inda ƙurar ta fi illa. Abin da na ga yana karɓuwa shi ne wanda mutum zai iya yi gobe da safe ba tare da ya rasa abincinsa ba: a fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, a ajiye kayan aiki a can, a yi wanka kafin a ɗauki yaro, turmin dutse kada ya sake ganin gero. Idan maganar ta fito daga bakin dagaci da liman da shugaban masu haƙa, ta fi zama. Ba a Zamfara kaɗai ake buƙatar wannan ba, domin a 2015 irin wannan guba ta kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. MSF kuwa ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jihar Zamfara a 2022, nauyin sa ido ya dawo wuyanmu.

Yanzu damuwata ta fi karkata ga garuruwan da 'yan bindiga suka raba mu da su. Akwai ɗakunan shan magani da aka rufe, akwai hanyoyin da ba mai bi sai da rakiya. Idan wata ya ƙare, gurbin irin waɗannan garuruwa yakan fito da sifili: ba ƙyanda, ba tamowa, ba mace-macen masu haihuwa. Mai karantawa a Gusau ko Abuja zai iya ɗauka lafiya ce ta samu. Ni dai a tawa takardar ba na barin sifilin nan. Nakan rubuta "ba a samu zuwa ba", in sa ranar da aka yi zuwan ƙarshe. Ran kasuwa kuma in nemi mutanen can da suka samu fitowa, in ɗaura wa yaran da suka goyo ma'aunin damtse, wanda ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a fara ba shi abincin tamowa nan take. Kafin su juya nakan tambayi iyayen wa ya haihu a garinsu, wa ya rasu, in rubuta da sunan garin.